Daro da Ruwan Ɗumi

Ni dai 'yan uwana, da za a ce kowacce ta shiga cikin Littafi Mai Tsarki ta zaɓo ƙawa guda, ba sai na yi dogon tunani ba, hannun Roda zan kama. Kun tuna ta ai, yarinyar nan mai aikin gida da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu, ya kama Bitrus ya jefa a kurkuku, an ɗaure shi da sarƙa biyu, soja a dama soja a hagu, masu bi kuwa sun taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus suna ta addu'a cikin dare. Allah ya aiko mala'ika, sarƙa ta zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, sai ga Bitrus tsaye a ƙofar gidan yana ƙwanƙwasawa. Roda ta zo, ta ji murya, ta gane shi sarai. Maimakon ta zare sakata, murna ta kwashe ta, ta ruga ciki a guje ta bar bawan Allah a waje! Su kuma manyan masu addu'ar, da ta ce musu ga Bitrus a ƙofa, suka ce ai ta zautu. Abin da suka raba dare suna roƙo ya zo har gida yana bugun ƙofa, su suna ciki suna gardama da yarinya. Wayyo cikina, ban taɓa karanta wurin nan ban yi dariya ba.

Amma ku duba wani abu, ƙawayena. Ɗaki cike da mutane, wa ya tashi da aka buga? Wadda tashin ya zama aikinta. Ita ce ake aike, ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce kunnenta ke ƙofa ko ana tsakiyar addu'a, don haka ita ce ta fara jin amsar da Allah ya aiko. Luka da ya rubuta labarin bai jera mana sunayen waɗanda suka cika ɗakin ba, amma ya ajiye mana sunan Roda. Wannan yana yi mini daɗi har cikin raina.

To mu dawo gidajenmu. Wace ce a cikinmu ba ta san addu'ar asuba ba, musamman a watan sanyi, lokacin da barci ya fi zuma? A tattaro yara daga shimfiɗa, kowa ya ƙudundune cikin bargo, autan gida yana tangaɗi, a ɗaga waƙa da murya a dushe, sai baiti na biyu murya ke buɗewa. Maigida ya kama addu'a, ya ratsa ta kan dangi, ya bi ta kan gona, ya shiga ƙasa da shugabanninta, yara kuwa sun iya lissafinsu, da zarar sun ji an kusa sauka sai ka ji “Amin” ɗinsu ya fi na kowa ƙarfi, hahaha. Ni ba na ganin laifin yaran. Ko a gaban Manzo Bulus, a Taruwasa, wani saurayi Aftikos ya zauna a taga, wa'azi ya kai tsakar dare, barci ya sace shi ya faɗo daga hawa na uku, sai da Bulus ya sauka ya rungume shi Allah ya mayar masa da rai. In mai sauraron Bulus ya yi gyangyaɗi, ina ga ɗan shekara biyar? A bar su su yi ta zama a cikinmu, abin yana shiga ko ido a rufe.

Addu'ar da ta fi taɓa ni ita ce ta iyayenmu mata, tsofaffin Zumuntar Mata. Ba su da manyan kalmomi. Suna magana da Ubangiji ne yadda ake yi da wanda aka saba da shi, har da “Baba, kai ma ka gani.” Kuma ba sa cewa a taimaki marasa lafiya haka kawai a dunƙule. Sai sun kama suna. Wance da ke kwance tun bayan girbi, wane da aka sallama daga aiki, 'yar maƙwabciya da watanta ya tsaya, yaron nan da ya daina zuwa sujada. Da ina yarinya ina ganin tsawaita addu'a ne kawai irin na tsofaffi, sai da na girma na ga abin da ke biyo baya. Duk sunan da suka kira da asuba, kafin rana ta faɗi sai ka ga wata ta yafa mayafi, da ɗan kwano a hannu, ta nufi gidan. Ai da wuya ki ambaci mutum a gaban Allah da safe, da yamma ki wuce ƙofar gidansa ba ki leƙa ba. Zuciyarki ma ba za ta bar ki ba. Hmm, iyayen nan sun san abin da suke yi.

Na san za ku ce, ina lokacin? Yesu ya ce mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, mu kuwa ɗakin da za mu rufe ma akwai yara uku a ciki da ƙanwar miji. Gaskiya ne. Amma mun iya neman wurinmu ai. Wata a bakin murhu take tata, kafin ruwan koko ya tafasa. Wata a cikin Keke Napep, ido a buɗe saboda jaka. Wata sai dare ya raba, an ɗauke wuta, gida ya yi tsit, ta zauna a bakin gado ta zube wa Allah abin da ba ta iya gaya wa ko uwar da ta haife ta ba. Wani lokacin ma babu magana, hawaye ne kawai, ki tashi ki ji ƙirjinki ya yi sakayau. Kun san wannan sauƙin, ba sai na kwatanta muku ba.

Sai maganar karatu. Ku tuna Littafin kakanninmu, baƙin bango, gefen takardu ya yi ja saboda hannu, an naɗe shi a leda ko a ƙyallen zane don damina. In ki buɗe sai katin biki ya faɗo, da ambulan baiko, da hoton jika, da takardar asibiti, rayuwar gidan gaba ɗaya tana ciki. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan aikin shekaru da Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya yi tare da Hausawan da ke kusa da shi da sauran 'yan mishan. Daga nan Littafin ya bi hanya har Filato da Kudancin Kaduna da Bauchi da Adamawa, ya shiga hannun mutanen da Hausa ba ita suka tsotsa ba, amma da ita suka koyi kiran sunan Yesu tare. Da yawa cikin kakanninmu mata ba su taɓa zama a aji ba sai ajin baftisma, kuma abin da ya sa suka dage da a, ba, ca ke nan, su iya karanta Maganar da idonsu. Shi ya sa in suna karatu za ki ga yatsa yana bin layi, leɓe yana motsi, a tsaya a maimaita, a ce “Uhm!”, a ɗaga kai a yi shiru. Aya ɗaya sai ta ishe su yini guda.

Mu yanzu yana cikin waya, har da mai karanta mana da murya, kuma alheri ne, ba na raina shi. Sai dai waya ba ta da haƙuri. Kina tsakiyar Zabura saƙo ya shigo, an saka sabon anko a rukunin biki, shi ke nan an bar Dawuda a jeji shi kaɗai, hahaha. Ni shawarata ga wadda za ta iya, ta riƙe na takardar nan don na safe, ta kifa wayar. Kuma kada ta ce sai ta cinye sura biyar. Labari ɗaya, a hankali, ta shiga cikinsa ta zauna, ta duba wa ke tsaye wa ke zaune, wa ya yi magana wa ya yi shiru.

Ku zo mu yi haka da Yohanna sura 13, don nan ne zuciyata take a kwanakin nan. Daren ƙarshe ne, an hau bene za a ci jibi. Mutane sun yini a ƙasa da takalmin da bai rufe ƙafa ba, hanya ƙura, dabbobi sun bi ta. A al'adarsu bawan gida ne ke wanke ƙafar baƙi, kuma a cikin bayin ma na ƙasa. Ga ruwa, ga daro, ga tawul, amma babu bawa. Kowa ya ga daron, na tabbata, kowa kuma ya ɗauke kai. Luka ma ya gaya mana a daren nan sai da suka yi musu a kan wane ne babba a cikinsu. Ana cikin ci sai Ubangiji ya tashi, ya tuɓe babbar rigarsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa, ya durƙusa. Ku ji yadda ɗakin zai yi tsit, ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa. Ƙafa bayan ƙafa, har da ta Yahuza, wanda ya riga ya san inda ƙafar nan za ta nufa kafin gari ya waye. Wannan wurin kam ba na iya wuce shi da sauri.

Sai aka zo kan Bitrus, namu na kanmu. Ya janye ƙafa, ya ce faufau ba za a yi haka da shi ba. Da Yesu ya nuna masa in bai yarda ba ba shi da rabo da shi, sai gogan naku ya juya gaba ɗaya, ya ce to a haɗa da hannu da kai! Kai, Bitrus ba ya yin abu rabi da rabi. Ina son mutumin nan, Allah ya sani.

'Yan uwanmu na cocin EYN, waɗanda aikinsu ya fara a Garkida a 1923 da sujada a gindin tsamiya, har yau suna wanke wa juna ƙafa in za a ci Jibin Ubangiji, mata da mata, maza da maza. Katolika kuma suna yi ranar Alhamis ta kafin Ista, kuma kun tuna a 2013 Fafaroma Francis ya je gidan yarin matasa a Roma ya wanke ƙafafun mutum 12, har da 'yan mata da Musulmi a cikinsu. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma wankin ƙafar da ya fi tsaya mini a rai ba a cikin majami'a na gan shi ba.

Akwai wata Iya a unguwarmu, gwauruwa, 'ya'ya sun yi nisa, ido ya yi rauni, baya ba ya lanƙwasuwa. Hunturu ya tsattsaga mata dunduniya, faso har yana jini, in ta taka ƙasa sai ta cije leɓe. Wata 'yar uwa a cikinmu, ba zan kama suna ba don za ta ji kunya, mace mai matsayi a wurin aikinta, na shiga na same ta zaune a ƙasa a kan tabarma, ta tattare zane, ƙafar Iya a cikin daro. Ta sirka ruwan, ta gwada da gwiwar hannu yadda ake yi wa jariri. Ta bari kaushin ya jiƙa, ta ɗauki dutse tana gogewa a hankali, tana kewaye inda ya tsage. Ta yanke farce, ta tsane tsakanin yatsu da gefen tawul, ta lakato man kaɗanya ta murza a tafin hannu har ya narke, ta cusa a cikin fason ɗaya bayan ɗaya, ta sa mata safa. Iya kuwa sai faɗa take, “Ke 'yar nan, tashi, kina ɓata zanenki, me mutane za su ce?” Can kuma da ɗumin ya ratsa ta sai ta lafa, ta miƙo ɗaya ƙafar da kanta, ta ce, “To wannan ma tana jira.” Muka tuntsire da dariya mu uku, Iya har da share hawaye. Ba a yi sanarwa ba, ba a ɗauki hoto ba, kuma na gane daga yadda ta san inda dutsen yake cewa ba ranar ta fara ba.

Ku matso, wannan tsakaninmu ne. Hidimar da ake gani tana da zaƙi, ko ba haka ba? Ranar taron Zumunta, an sha anko, an kafa ɗauri, tulu da ganga da kacau-kacau suna tashi, an kira suna a lasifika an ce wance ta ba da buhun shinkafa, a tafa. Ba laifi ba ne a gode wa mutum, kuma ni ina son ankonmu, ina son rawarmu. Amma in taro ya watse, tukwane goma na jiran wanki a bayan coci, hannu nawa ke saura? Kullum fuskokin nan ne dai, mun san su. Yesu ya ce in za a yi alheri kada hannun hagu ma ya ji labarin abin da na dama ya yi, kuma ina ganin don tausayinmu ya faɗa, saboda ya san yadda tafi ke shiga kai. Abin nan ba yau ya fara ba. Matar Zabadi fa, uwar Yakubu da Yohanna, ta je ta durƙusa gaban Yesu tana nema wa 'ya'yanta kujerar dama da ta hagu a Mulkinsa. Uwa ke nan, ko a wane zamani, sai ta nema wa nata gaba, hahaha! Sauran goman suka yi fushi, ni kuwa ina zargin don an riga su ne. Yesu bai kore ta ba, ya tara su ya nuna musu cewa a gidansa mai son girma shi ke ɗaukar aikin bara, shi kansa ma abin da ya kawo shi ke nan.

Yanzu bari in tsaya wa Marta, don an daɗe ana yi mata wa'azi a ka. Baƙi sun cika gida a Betanya, wuta na ci, 'yar uwarta Maryamu ta samu wuri a gaban Malam ta zauna. Wace ce a cikinmu ba za ta leƙo daga madafa ta yi magana ba? Ni ban ga inda Yesu ya ce girkin laifi ne ba. Abin da ya taɓa shi ne damuwar da ta cika mata zuciya, har aikin ƙauna ya fara komawa mita. Mun san wannan yanayin sarai. Kina yi, kina ƙirgawa, ni na share, ni na dafa, ni na je asibiti, wance ko sannu. Hidimar da aka daɗe ba a kai ta gaban Ubangiji ba, miya ce da aka bari a wuta ba a ƙara mata ruwa ba, tana nan a tukunya amma ta kama, duk wanda ya ɗanɗana zai ji ƙauri. Wanda kika yi wa alherin ma yana ji a jikinsa in da gori a ciki. Shi ya sa zaman Maryamu ba ragwanci ba ne, mai hidima ce ma ta fi kowa bukatarsa. Kuma ku bi Marta zuwa gaba ku gani. A Yohanna 11, da ɗan'uwansu Li'azaru ya rasu, ita ce ta fita ta tari Yesu a hanya, ita ce ta shaida da bakinta cewa shi ne Almasihu Ɗan Allah. A sura 12 kuma ga ta nan tana raba abinci kamar kullum, ba ƙorafi ko ɗaya. Ba ta bar madafa ba, zuciyar ce ta huta. Allah ya ba mu irin wannan hutun, 'yan uwa.

In ana maganar hidima a ƙasarmu, ai jinya ce gwajin. Asibitin Vom da aka buɗe a 1922, asibitin ido na Kano a 1943, na Galmi a Nijar a 1950, da wuraren kula da masu cutar kuturta irin na Garkida, an san sunayen likitocin da suka kafa su, amma waɗanda suka wanke gyambo, suka zubar da fo, suka kwana a zaune, yawancinsu iyayenmu ne da kakanninmu, kuma ba sa tambayar majinyaci addininsa kafin su ɗaga shi. Har yau haka ɗakin jinya yake. Ki shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadon naki, Hajiyar gadon kusa ta fita sallah ta ce ki duba mata nata, ke ma in za ki je sayo magani ita ce mai riƙe miki. Kafin a sallame ku kun zama dangi, flas ɗin ruwan zafi ɗaya kuke sha. Dokas ta Yafa ma da ta rasu, gwaurayen da suka kewaye Bitrus ba wa'azinta suka tuna ba, riguna suka ɗaga suna nuna masa, ɗinkin hannunta, suna kuka.

Saura abu ɗaya, kuma ke nake kallo, e, ke da kike sunkuyar da kai kina murmushi. Wasunmu sun iya yi wa kowa, amma ba sa yarda a yi musu. A tambaye ki ya jiki, ki ce da sauƙi, alhali ko tsayuwa ba kya iyawa. A kawo miki abinci ki ce ai da ba a wahala ba. Wannan ma janye ƙafa ne irin na Bitrus, ƙawata. Ki bar mu mu shigo, ki bar mu mu ga ɗakin a hargitse, mu wanke kwanukan, mu yi wa yaran kitso. Mu ma muna son ladan, kada ki hana mu.

To, ranar Alhamis bayan addu'ar yamma akwai ziyara, kada a ce ba a ji ba. Gidan mai jego za mu fara, a tafi da kunun kanwa da itace, sannan mu zarce wurin Iya. Mai man kaɗanya ta san kanta. Mai karatu ta zo da tabarau, don Iya ta ce Zabura 121 take so, kuma a karanta da ƙarfi, ban da sauri irin na 'yan boko. Ta kuma aiko da saƙo na musamman, wai tuwon wancan makon ya yi daɗi, Allah ya yi albarka, amma duk wadda ta kaɗa miyar kukar nan ta ji tsoron Allah ta ƙara daddawa, hahaha!